Idan ɗan mage ya fara yaushi: ɗumi tukuna, sannan sukari, nono daga baya

Sana'ata gumin shinkafa ce a nan Argungu, kuma duk wanda ya taɓa jibge buhu ashirin a sito ya san ba don ado muke kiwon mage ba. Ɓera ba ya jin tsoron magani kamar yadda yake jin tsoron mussa. Shi ya sa idan tamu ta haihu, tun idon 'ya'yan bai buɗe ba maƙwabta sun gama raba su da baki. Sai dai ba duka ke kaiwa ranar rabon ba. Ta haifi biyar, a wayi gari saura huɗu, jibi saura uku, a ce kwana ya ƙare. Ban musa ba. Amma na ga wanda muka riga muka sallama ya tashi, kuma abin da ya tashe shi bai fi ƙarfin kowace mace da ke da kasko da sukari a ɗakinta ba. Da mata nake magana don mu ne a gida lokacin da abin ke faruwa, maza kuma ku karanta ku kai wa iyali.

Na farko da hannuna na ƙarasa shi, kuma gara in faɗa tun yanzu. Cikin hunturu ne, magen ta haifi huɗu a bayan buhuna. Kwana na biyar da asuba 'yata ta shigo da ɗaya a tafin hannu, ta ce, "Inna, wanga ya yi sanyi, kuma shi kaɗai na iske can gefe." Surukata tana kan tabarmar salla ta ce, "Yunwa ce, ku ba shi madara." Na ɗumama madarar shanu, na kwantar da shi rigingine kamar jariri, na riƙa ɗura masa da cokalin shayi. Madarar ta dawo ta hanci. Kafin azahar ya mutu. Bayan kwana biyu wani ya sake ware kansa, sai na kira ƙanena da ya karanta likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ban gama bayani ba ya katse ni: "Yaya, kak ki ba shi komi. Sa shi cikin rigarki tukuna, sannan mu yi magana." Mafi yawan abin da zan faɗa nan daga wannan ranar na fara koyonsa, sauran kuma daga haihuwa bakwai da na raina bayanta.

Likitocin dabbobi suna da suna ga wannan hali, ma'anarsa dusashewar ɗan mage, kamar fitilar da kananzir ɗinta ke ƙarewa. Mu a gida cewa muke ya fara yaushi. Ba cuta guda ba ce. Abubuwa da yawa ke kawo ta, amma duk hanyarsu ɗaya: ya daina tsotso, jikinsa ya yi sanyi, sukarin jininsa ya faɗi, ruwan jikinsa ya ƙafe, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. An fi ganinta daga haihuwa zuwa yaye, kuma mako biyun farko su ne mafi haɗari. Abin sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. Wanda kika gani da rauni da safe, in kika ce sai maigida ya dawo daga fadama, da wuya ki same shi.

Lafiyayyen ɗan mage aikinsa biyu, tsotso da barci. Za ki gan su a cure wuri guda, wani kan wani, cikinsu a cike, suna ɗan zabura cikin barcin. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a bakinsa, zai kama da ƙarfi, kuma bakin da ɗumi. Wanda ya fara yaushi kuwa yakan kwanta shi kaɗai, ko 'yan'uwansa su ture shi daga nono bai yi gardama ba. Wani yakan yi ta kuka siriri ba ƙaƙƙautawa ko da uwar na kusa, wani kuma ya yi tsit, kuma shirun ya fi kukan ba ni tsoro. In kika ɗaga shi za ki ji ya saki jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ki buɗe leɓensa ki dubi dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai laima. In ya yi fari, ko toka-toka, ko yana manne wa yatsa, akwai matsala. In yana buɗe baki yana jan numfashi da kyar, wannan ya yi nisa.

Amma duk waɗannan alamu a makare suke zuwa. Abin da ke faɗa miki tun da wuri sikeli ne. Ba irin na 'yan nama ko na buhu ba, ɗan ƙaramin nan mai batir da ke auna giram ɗaya-ɗaya, wanda masu yin kek ke amfani da shi. Nawa a kasuwar Birnin Kebbi aka sayo min. Ɗan mage yakan zo duniya da nauyin giram 85 zuwa 115, wanda bai kai 75 ba tun ranar farko ki sa masa ido. Daga nan ya kamata ya riƙa ƙaruwa da giram 10 zuwa 15 kullum, ya ninka nauyin haihuwarsa kafin ya cika mako biyu. Ni ina auna su bayan sallar asuba, cikin ƙaramin kwano da tsumma a ciki, in rubuta a bayan littafin bashin shinkafa. Ranar farko zai iya raguwa kaɗan. Bayan ita, duk wanda ya kwana bai ƙaru ba na sa shi a ido, wanda ya ragu kuwa na ɗauke shi mara lafiya ko da yana motsi kamar kowa. Surukata ta daɗe tana dariyar abin, wai mun mai da ɗiyan mussa gwal. Maganar cewa in ka taɓa su uwar za ta ƙi su, ban ga haka ga magen gida da ta saba da mutane ba. Ki wanke hannu, ki auna a gabanta, ki mayar da sauri.

To kin same shi a gefe, ya yi sanyi. Abu na farko ɗumi ne, kuma nan nake so in daɗe, don nan aka fi kuskure. Ɗan mage ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai wajen mako uku zuwa huɗu. A kwanakin farko ko rawar ɗari ba ya iya yi. Jikin uwarsa da na 'yan'uwansa su ne bargonsa. Zafinsa a makon farko digiri 35 zuwa 37 ne, ƙasa da na babbar mage da ke 38 zuwa 39. In ya sauka ƙasa da 35, hanjinsa yakan tsaya da aiki. Duk abin da kika zuba masa a lokacin zama zai yi a ciki, ko ya dawo ya faɗa huhu. Abin da ya faru da nawa na farko ke nan. In kina da ma'aunin zafi irin na kemis, ki shafa wa bakinsa ɗan basilin ki sa kaɗan ta duburarsa. In babu, ki taɓa cikin bakinsa da tafin ƙafarsa. In kin ji su da sanyi, ya isa hujja.

Hanya mafi sauƙi ita ce jikinki. Ki goge shi in ya jiƙe, ki sa shi a ƙirjinki fata da fata, ki rufa da zani, ki bar hancinsa a waje. Kina haka wani ya haɗa miki abin ɗumi. Mu masu shinkafa namu a hannu yake: a zuba tsabar shinkafa gwangwani biyu a busasshen kasko, a juya a kan wuta har ta yi zafi, a ɗura a tsohuwar safa, a ƙulle baki. Gorar roba da ruwan zafi ma tana yi. Ko wanne ne, a naɗe shi da tsumma ninki biyu, ki ɗora a cikin hannunki ki ƙirga ashirin. In ya dame ki, zai ƙone shi. Fatarsu ba ta da kauri, kuma mara ƙarfi ba ya iya jan jiki ya matsa. Ki naɗe ɗan magen da tawul, ki jingina shi da safar cikin kwali, ki riƙa juya shi kina shafa bayansa a hankali. Safar kan huce kafin awa guda, kuma in ta huce ita ce za ta riƙa zuƙe masa zafi, don haka ki tanadi biyu kina musanyawa.

Kada ki yi gaggawa. Ɗumin ya shiga a hankali, awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kanga shi a bakin murhu, kada a kai kaskon garwashi kusa da kwalin a rufe ɗaki, don hayaƙin gawayi da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ba zai bar abin da bai kai nauyin albasa ba. A watannin bazara kuma abin juyawa yake. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, sito mai rufin kwano tanda ne. Za ki ga 'ya'yan sun warwatse, baki buɗe. Nan inuwa da iska suke nema, da ruwa a gaban uwar kullum.

Abu na biyu sukari, kuma shi ba ya jiran jiki ya gama ɗumi, tare suke tafiya. Hantar ɗan mage ba ta da ajiya, 'yan sa'o'i ba tsotso sukarin jininsa ya faɗi. Ki narka cokalin shayi ɗaya na sukari, ko garin gulukos na kemis, a cokali biyu na ruwan ɗumi da aka tafasa. Ki dangwala da yatsa ki shafa a dasashinsa da gefen harshe. Shafawa na ce, ba ɗurawa ba. Ki maimaita duk bayan minti uku, ki duba agogon waya, don ido kan ruɗi mutum. Nawa na biyu, wajen shafawa ta shida na ji harshensa ya motsa a kan yatsana, can kuma ya yi wani ɗan kuka mai kama da ƙarar ƙyaure. 'Yata ta yi tsalle ta ce, "Inna, ya tashi!" Na ce ki zauna, da saura.

Sai jiki ya yi ɗumi, ya ɗaga kai, ya kama yatsa da tsotso, sannan a zo maganar nono. Wanda ya fi kowanne na uwarsa ne. Ki kwashe ƙarfafan ki sa su a wani kwali na ɗan lokaci, ki matsa kan nono ɗaya har ya ɗigo, ki sa masa a baki. Nonuwan da ke wajen ƙafafun baya sun fi ruwa. Ki duba nonon uwar ma: in ya kumbura, ya yi ja da zafi, ko abin da ke fita ya canja launi, ita ce mara lafiyar, kuma likita take buƙata. In uwar ta mutu ko ta gudu, ki yi cigiya a unguwa ko akwai mage mai shayarwa. Sau biyu na yi haka. Na goga wa maraya tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai, na cusa shi tsakiyarsu, ta sansana ta hau lasa.

In duk babu, akwai madarar gari da ake yi musamman don 'ya'yan mage, sai dai a wajenmu sai an aika manyan birane. Madarar shanu, da ta gwangwani ta shayi, da ta jarirai, duk ba su dace ba: ƙarfinsu bai kai na nonon mage ba, kuma zawo suke sa su, zawo kuwa shi ke ƙarasa wanda ruwan jikinsa ya riga ya yi ƙasa. Abin da nake yi kafin saƙo ya iso shi ne nonon akuya kofi ɗaya, a tafasa, a bar shi ya huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki ban da farin. Na riƙon ƙwarya ne, kwana ɗaya ko biyu. Da yake wutarmu ba abin dogaro ba ce, kada ki ajiye na safe ki ba shi da dare.

Yadda ake bayarwa ya kai abin da ake bayarwa muhimmanci. Ki sayi sirinji mafi ƙanƙanta, mai mil 1 ko 2, ki cire allurar. Ki ɗiga madarar a cikin hannunki, ta zama da ɗumin jiki. Ki kwantar da shi rub da ciki a kan cinyarki, kansa a ɗan ɗage, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa. Rigingine na ɗan mutum ne. Ki sa bakin sirinjin ta gefen baki, ɗigo ɗaya, ki jira ki ga maƙogwaro ya motsa, sannan wani. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mil 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa, kuma ga wanda ya farfaɗo yanzu rabin haka ya isa a karon farko. A makon farko duk awa biyu ne, dare da rana. In madara ta fito ta hanci, ko ya ƙware, ki tsaya. In haka na faruwa kullum, ki haska gandarsa da fitilar waya, don akwai waɗanda ake haifa da tsagaggiyar ganda. Wanda ba ya haɗiya sam, likita kaɗai ke iya ciyar da shi ta siririyar roba.

Bayan kowane ci akwai aikin da uwa ke yi da harshe. Kafin mako uku ɗan mage ba ya fitsari ko kashi da kansa. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa ƙasan wutsiyarsa har ya yi. Ki dubi audugar: fitsarinsu kusan kamar ruwa yake, in ya yi rawaya sosai ruwan jiki ya yi ƙasa. In kuwa ja ne ko ruwan ƙasa a kwana biyun farko, ga dasashi ya yi rawaya kamar mai shawara, wata matsala ce daban, rukunin jininsa ne bai dace da na uwar ba, dakashinta, wato nonon farko bayan haihuwa, ke fasa masa jini. Ba ta da yawa, amma in kin gani ki raba shi da nonon nan take ki nemi likita. In ba wannan ba, dakashi shi ne garkuwarsu, kuma a yinin farko kawai hanjinsu ke iya karɓarsa, don haka ki tabbata kowanne ya samu ranar haihuwa.

Ɗumi da sukari lokaci suke saya miki, ba su kawar da sanadin ba. A wajenmu sanadin da na fi gani ƙuma ce. Ki busa gashin cikinsa, za ki gan su suna gudu, ko ki ga baƙin gari kamar barkono. Abin da duk jininsa bai wuce cokali biyu na shayi ba, ƙuma in sun taru sun isa su mai da dasashinsa fari. Ki tsince su da hannu ko da matsefi mai ƙananan haƙora, ki jefa a ruwan sabulu, ki canja shimfiɗa. Kada fiya-fiya ta kusance su, ko a bangon ɗakin. Haka maganin kaskar karnuka da na shanu, da yawansu guba ne ga mage. Wata maƙwabciyata ta fesa wa kwalin maganin sauro da kyakkyawar niyya, garin neman gira aka rasa ido, uku suka tafi a dare ɗaya. Farasitamol ma, ko ɓallin ƙwaya, kashe mage yake, babba ko ƙarama. Kuma kada a ɓalle kafso na mutane a zuba musu a baki.

Ki riƙa duba cibiya. Takan bushe ta faɗi wajen kwana uku. In wurin ya kumbura, ya yi ja ko yana ruwa, ƙwayar cuta ta shiga, kuma daga nan jini take wucewa. Ido kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14. In fatar idon ta kumbura tun bai buɗe ba, mugunya ce a ciki, ki ɗora auduga mai ɗumi a kai, kada ki ɓanɓare da ƙarfi. Atishawa da majina ma ba ƙaramin abu ba ne, don hancin da ya toshe ba ya jin warin nono. Tsutsar ciki kuma ta nonon uwa take bi ta shige su, ana fara ba su maganinta daga mako biyu, gwargwadon nauyi, kuma likita ne zai faɗa miki wanne da nawa. Duk waɗannan na asibitin dabbobi ne. Na san a nan an fi sanin asibitin da shanu da tumaki, za ma a iya yi miki kallon mamaki in kin shiga da kwali. Ki shiga. Ki tafi da safar shinkafarki da ruwan sukarin, ki ci gaba da shafawa a cikin mota, ki riƙe takardar nauyin, don ita likita zai fara tambaya. In kin yi awa guda kina ɗumi da sukari ba canji, ko yana jijjiga, ko numfashi ya yi wuya, kada ki jira komai kuma.

Wasu za su mutu ko me kika yi. Cikin waɗanda suka yi yaushi a hannuna, waɗanda na rasa sun fi waɗanda na samu, musamman waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi. In ɗaya ya mutu, ki cire shi nan da nan, ki ƙone kwalin da tsummokaran, ki wanke wurin da Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, ki bari ya bushe sarai. Akwai wata cutar amai da zawo ta mage da ƙwayarta ke iya shekara a ɗaki, kuma sabulu ba ya kashe ta. Rigakafinta allura ce da ake yi wa uwar kafin ta ɗauki ciki. Kada ki yi wankin da Dettol ko Izal, su ma suna cutar da mage. Sauran 'yan'uwan kuma ki koma auna su safe da yamma har mako guda. Uwar ki ƙara mata abinci, don mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba, kuma tuwo da miya ba za su kawo mata nono ba. Mu da ke bakin ruwa ba mu da uzuri: ƙananan kifin da masunta ke bari da arha da yamma, a dafa ba gishiri ba yaji, a cire ƙaya, da dafaffen ƙwai in ya samu.

Wancan na biyun, wanda ya kwana cikin rigata, giram 92 ne ranar da ya yi sanyi. Washegari 92, jibi 97, rana ta huɗu 109, ranar ce kuma ya ture ƙanwarsa daga nonon baya. Surukata ce ta karɓi aikin ƙarfe biyun dare daga rana ta uku, ta ce ai dama ba barci take ba.